Kalanda ko Manhajar Biyan Kuɗi: Wadda Ta Kamata Matasan Kwarin Rima Su Fara Ginawa

Gabatarwa

Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙiro a ranar 27 ga Agusta, 1991, ta fara samun matasan da suka iya tsara manhajar kwamfuta da ta wayar hannu. Wasu sun koyi sana'ar a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wasu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, wasu a jami'ar jiha da ke Aliero, wasu kuma ta shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 domin horar da matasa fasahar zamani. Kowane ɗalibin ajin ƙarshe yana da aikin kammalawa da zai gabatar, kuma kowace 'yar ƙungiyar abokai da ta haɗa kai tana da manhajar da take mafarkin fitarwa. Sai dai jarinsu kaɗan ne, lokacinsu ma kaɗan ne, don haka ba za su iya kama komai ba.

Daga cikin ayyukan da ke gabansu akwai guda biyu da suka cancanci a ɗora su a kan sikeli. Na farko shi ne manhajar biyan kuɗi ta intanet, wadda za a riƙa turawa da karɓar kuɗi da ita. Na biyu kuwa manhajar kalanda ce, wato mai lissafa kwanaki da tunatar da mutane lokutan ayyukansu. A ido, ta farkon ce mai armashi, ta biyun kuma tamkar wasan yara. Amma duk wanda ya dubi yadda ake rayuwa tsakanin Birnin Kebbi da Argungu zai ga cewa kalandar ce ta fi cancantar a fara da ita, kuma ita ce aikin da ɗan yankin zai iya yi fiye da kowa.

Abin da ke Jan Hankali zuwa Harkar Biyan Kuɗi

Ba a banza matasa ke kwaɗayin harkar biyan kuɗi ba. A 2015 Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa Paystack, kuma a watan Oktoba na 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 200. A 2021 OPay ya tara jarin dala miliyan 400 a zagaye ɗaya. A 2024 darajar Moniepoint ta kai dala biliyan ɗaya. Can a Kenya kuwa, M-Pesa da Safaricom ya fito da ita a 2007 ta sauya yadda talaka ke aika kuɗi gida. Matashin da ya ji waɗannan labarai ba zai rasa jin cewa arziki yana wannan hanya ba.

Bugu da ƙari, jama'ar yankin sun ɗanɗana kuɗarsu a farkon 2023. A ranar 26 ga Oktoba, 2022, Babban Bankin Nijeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya kuma sa ranar 31 ga Janairu, 2023, a matsayin ranar daina karɓar tsofaffin, kafin a ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin takardun ba su wadata ba. Tsabar kuɗi ta koma haja, ana sayen naira da naira a wurin masu na'urar POS. Manomin da ya kai buhun shinkafa kasuwa ya rasa mai biyansa a hannu, wanda ba shi da asusu kuwa dole ya karyar da kayansa. Sai a ranar 3 ga Maris, 2023, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. A wannan tsakanin ne mai shayi da mahauci da ɗan acaɓa suka koyi karɓar taransifa. Saboda haka babu mai musun cewa biyan kuɗi ta waya buƙata ce ta gaske.

Katangar da ke Gaban Sabon Shiga

Kasancewar abu buƙata bai nuna cewa akwai gurbin da ya rage a cikinsa ba. Wahalar 2023 ita ce ta buɗe wa manyan kamfanoni ƙofar kasuwannin Arewa, kuma sun shiga sun zauna. A yau da wuya a ratsa babbar kasuwar Birnin Kebbi ko tashar motar Argungu ba a ga laima ko rumfar wakilin OPay ko Moniepoint ko PalmPay ba. Kamfanonin sadarwa ma sun shigo: MTN da MoMo, Airtel da SmartCash, duka a 2022. Kuɗin makaranta da na hukumomin tarayya kuwa ta Remita ake biya tun da aka tilasta asusun bai-ɗaya a 2015.

Bayan cunkoso akwai doka. Riƙe kuɗin jama'a sai da lasisin Babban Banki, kuma lasisin yana da tsada. Ƙa'idar bankin ta nemi jarin naira biliyan biyu ga kamfanin da zai gudanar da asusun kuɗi na waya, da naira biliyan biyar ga bankin hidimar biyan kuɗi. Ko waɗanda suka mallaki wannan jari ba su tsira daga takura ba, domin a watan Afrilu na 2024 Babban Banki ya dakatar da OPay da PalmPay da Kuda da Moniepoint daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa na wasu makonni, a kan batun tantance masu buɗe asusu. Idan haka ta faru ga masu ƙarfi, ina ga samari huɗu masu kwamfuta biyu?

Katanga ta uku ita ce amana. Hausawa na cewa kuɗi masu gidan rana, kuma ba a ba da ajiyarsu ga wanda ba a gwada ba. Kuskure ɗaya a manhajar biyan kuɗi yana iya cinye jarin wani bawan Allah, sannan 'yan damfara ba sa barci. Ita kanta gwamnati, da duk ƙarfinta, ta ƙaddamar da eNaira a ranar 25 ga Oktoba, 2021, amma karɓuwarta wurin jama'a ba ta taka kara ta karya ba. Ke nan matashin da ya zuba shekararsa a wannan fage zai ƙare ne da kwaikwayon abin da ya riga ya wanzu, wanda babu mai dalilin barin nasa ya koma gare shi.

Lissafin Lokaci a Kwarin Rima

Lamarin kalanda ya sha bamban, domin mutumin wannan yanki ba da lissafi ɗaya yake rayuwa ba. Yana bin shekarar Miladiyya a harkar albashi da makaranta da kotu da banki. Yana bin shekarar Hijira a azumi da salloli biyu da aikin Hajji da zakka da idda. Yana bin zagayowar bazara da damina da kaka da hunturu a gona da gulbi. Yana kuma bin ranakun cin kasuwannin mako-mako, irin su Jega da Kamba da Bunza, wajen saye da sayarwa. Waɗannan lissafe-lissafe huɗu ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa, kuma a wuraren da suke cin karo ne ake yin asara.

Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, wato tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11. A 2015 an fara azumi a watan Yuni, da shigowar damina. A 2025 kuwa an fara shi a ranar 1 ga Maris, ana tsakiyar noman rani. Manomin da ke ɗaukar 'yan ƙwadago don dashe ko yankan shinkafa yana buƙatar sanin wannan tun kafin ya zuba iri. Mai kiwon ragunan layya yana buƙatar ƙirga watanninsa baya daga Zulhajji. A wannan shekara ta 2025 ce Kebbi ta kasance cikin jihohi huɗu, tare da Kano da Katsina da Bauchi, da suka daidaita hutun makarantu da watan azumi, abin da ya jawo muhawara a ƙasa, alhali ranakun jarrabawar JAMB da WAEC ba su motsa ba. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan matakin, ya nuna cewa haɗuwar kalandun nan ba ƙaramin al'amari ba ne ga iyaye da malamai.

Manhajojin da ke cikin wayoyi ba su san wannan ba. Da yawansu suna ɗauko kwanan watan Musulunci ne daga lissafin Saudiyya, alhali a Nijeriya sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi ake jira, kuma wani lokaci akan sami bambancin kwana ɗaya. Haka nan lokutan salla: Birnin Kebbi tana yamma da Kano da fiye da digiri huɗu, don haka rana tana faɗuwa a cikinta kimanin minti 17 bayan ta faɗi a Kano. Wanda ya ɗauki jadawalin wani gari ya sha ruwa da shi yana iya ɓata azuminsa bai sani ba.

Akwai kuma lissafin taurari da malamai da dattawan manoma suka gada. An kasa shekara zuwa taurari 28, kowane yana ɗaukar kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimilla kwana 365. Kowane yanayi na shekara yana da taurari bakwai. Da sunaye irin su Surayya, wadda ake kira kaza da 'ya'yanta, da Dabaran da Zira'a da Ɗarfa ake gane inda shekara ta kai, a san lokacin da shuka ta yi wuri da lokacin da ta makara. Wannan ilimi ba duba ba ne, ma'auni ne na kwanaki da aka gwada shekara da shekaru. Masu riƙe da shi suna tsufa, kuma babu wani kamfani a Legas ko a Amurka da zai zo ya tattara shi.

Gulbi da Shinkafa

Arzikin wannan yanki a fadama yake, kuma fadama ba ta yafe makara. Ba don komai aka zaɓi Kebbi wajen ƙaddamar da shirin lamunin manoma na Anchor Borrowers a ranar 17 ga Nuwamba, 2015, ba sai don shinkafarta. Daga nan aka sami shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi a 2016, da masana'antar WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi. Noman da ke ciyar da waɗannan injuna gaba ɗayansa ƙirgen kwanaki ne. Irin da aka yafa a bedi ana dasa shi bayan kimanin mako uku, idan ya wuce haka sosai ba ya yin 'ya'ya yadda ake so. Takin zamani yana da ranakunsa. Iri kamar Faro 44 yana nuna cikin kimanin wata huɗu. Manomin rani da ya makara wajen dashe zai tarar da ruwan farkon damina a kan shinkafar da bai gama yanka ba.

Shi kuma manomin damina gulbi ne abin tsoronsa. Madatsar ruwa ta Goronyo tana kan Gulbin Rima, ta Bakolori kuma tana kan Gulbin Sakkwato, kuma ruwansu duka ta Argungu da Birnin Kebbi yake bi kafin ya shiga Kwara. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a Sakkwato da Kebbi. A 2020, tsakanin Agusta da Satumba, ruwa ya sake cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a jihar, ana dab da girbi. Ruwan da ya taso daga sama ba a yini ɗaya yake isowa ba. Hukumar hasashen yanayi ta NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da ranakun da ake sa ran saukarta da ɗaukewarta, hukumar NIHSA kuma tana fitar da hasashen ambaliya. Bayanin yana nan, amma a cikin kundaye da shafukan intanet yake. Abin da ya ɓace shi ne mai kai shi kunnen manomi da Hausa, a ranar da zai amfane shi. Manhajar da ta iya gaya wa mutumin ƙauye ya kwashe injin ban-ruwansa da buhunansa kwana biyu kafin ruwa ta yi masa abin da saurin taransifa ba zai yi masa ba.

Masunta ma da lokaci suke aiki. Kabawa sun daɗe da al'adun gyaran ruwa da fashin ruwa, waɗanda ke fayyace lokacin da za a shiga su, a ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa. Bikin kamun kifi na Matan Fada, wanda ya samo asali daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, ya yi kusan shekara goma ba a yi shi ba kafin a dawo da shi a watan Maris na 2020. Mai masauki da mai abinci da mai saƙa homa duk jarinsu ya rataya ne a kan sanin ranar tun da wuri.

Bashi da Ajalinsa

Ko a cikin harkar kuɗin kanta, lokaci ne ke gaba. Adashe jadawali ne kafin ya zama kuɗi: ranar zubi, ranar kwasa, da jerin wanda zai ɗauka bayan wani. Rigimar da ke tashi tsakanin uwar adashe da 'yan zubi galibi a kan mantuwa da saɓanin ƙirge take. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi tare da ajalinsa. Zakkar dukiya tana jiran shekarar wata ta zagayo, ta amfanin gona kuma da girbi ake fitar da ita, wato lissafi biyu ne a kan mutum ɗaya. A shirin Anchor Borrowers ma an sha jin koken manoma cewa iri da taki suna isowa bayan lokacin aiki ya wuce, sannan ranar biya ta zo daidai. Kuɗin da ya iso a makare bashi ne kawai yake zama.

Wannan ya nuna cewa mai gina kalanda bai yi sallama da harkar kuɗi ba. Manhajarsa tana iya tunatar da mutum ranar zubi, sannan ta miƙa shi ga asusun da yake da shi ya biya, domin kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave sun tanadi hanyar da ƙananan manhajoji za su jingina da su. Ta haka zai ci moriyar hanyar ba tare da ya ɗauki nauyin lasisi da ajiyar dukiyar mutane ba.

Hujjojin Masu Saɓani

Akwai hujjoji uku masu nauyi da za a iya kawowa. Ta farko ita ce kalanda ba ta kawo kuɗi, kuma Google Calendar kyauta ce. Gaskiya ne manomi ba zai cire kuɗi ya sayi tunatarwa ba. Amma masana'antar da ke jiran shanshera a kan kari, da ƙungiyar manoma mai ɗaruruwan mambobi, da dillalin taki, da makarantar kuɗi mai son iyaye su san ranar komawa, duk suna da dalilin biyan kuɗin wata-wata idan abin ya yi aiki. Ribar ba za ta kai ta Paystack ba, sai dai da hanau gara mannau. Manhajar Google kuwa kusan fanko ce, sai abin da mai ita ya rubuta a ciki. Darajar kalandar Kwarin Rima tana cikin bayanin da za ta zo da shi.

Hujja ta biyu ita ce yawancin manoma da masunta ba su da babbar waya, wasu kuma ba sa karanta boko. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce ta kamata ta tsara fasalin aikin. Saƙon tes da kiran murya suna isa ƙaramar waya. Shugaban ƙungiya ko malamin gona ɗaya mai babbar waya yana iya zama kunnen mutum hamsin, kamar yadda aka yi da manhajar RiceAdvice ta cibiyar AfricaRice, wadda malaman gona ke riƙewa su ba manoma shawarar taki. Gidajen rediyo ma suna iya karanta jadawalin mako.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi: tunatarwar da ba daidai ba ta fi rashinta illa. Idan manhaja ta ce a shuka, ruwa ya ɗauke, manomi ba zai sake saurarenta ba. Maganin wannan shi ne ta san iyakarta. Ta bambanta abin da yake tabbatacce, kamar ranar kasuwa, da abin da yake hasashe, kamar saukar damina, ta kuma ambaci inda ta samo kowane. A batun ganin wata kuwa, ta ba da ƙiyasi kawai, ta jira sanarwar Sarkin Musulmi kafin ta tsayar da rana.

Rawar Masana Hausa

Wannan aiki ya fi ƙarfin masu kwamfuta su kaɗai. Rubuta manhajar shi ne ɓangare mafi sauƙi. Mai wuyar shi ne tattara sunayen taurari da yadda ake furta su a Kabi da Gwandu, da kalmomin masunta na matakan ruwa, da na manoman fadama, da ranakun kasuwannin ƙauyuka, a tantance su, a rubuta su da ingantacciyar ƙa'ida, da haruffa masu lanƙwasa, da ajami ga masu buƙata. Wannan fagen ɗaliban harshe da al'ada ne, na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da sauran jami'o'i da kwalejojin ilimi na yankin. Kundayen bincike a kan al'adun su da noma da ke jibge a ɗakunan karatu za su sami hanyar fita zuwa ga jama'ar da aka ɗauko su daga bakinsu. Masarautun Gwandu da Argungu kuwa su ne ƙofar isa ga sarakunan noma da na ruwa. Ya dace sassan kwamfuta da na Hausa su amince ɗalibansu su yi aikin kammalawa na haɗin gwiwa, a kuma gwada lissafin taurari da bayanan ruwan sama na shekarun baya, a ga inda ya tsaya daidai da inda sauyin yanayi ya gusar da shi.

Kammalawa

Manhajar biyan kuɗi ta riga ta iso Kwarin Rima, kuma masu ita sun fi ƙarfin a yi gasa da su daga ɗakin kwanan ɗalibai. Abin da ya dace da ita shi ne a yi amfani da wadda ke akwai, a matsa wa masu ita su gyara hidimarsu, su kuma sa Hausa a ciki. Kalandar da ta haɗa Hijira da Miladiyya da taurari da ranakun kasuwa da halin gulbi kuwa ba ta iso ba, kuma ba za ta zo daga waje ba. Ba ta buƙatar lasisin biliyoyin naira. Tana buƙatar wanda ya san hanyar fadama, yake jin harshen dattawa, kuma yake da haƙurin zama da su. Matashin da zai zaɓa ya fara da ƙauye ɗaya da ƙungiyar manoma ɗaya, ya bi su daga zuba iri har yanka, ya rubuta kowace rana da ta yi tasiri. Idan a ƙarshen kaka mutanen suka nemi ya ci gaba, ya sami abin da zai gina a kai.